Yaushe Ya Kamata A Nemi Likita? Jagora Ga Iyalan Sakkwato Kan Shaye-Shaye Da Lafiyar Ƙwaƙwalwa

A gidaje da yawa a Sakkwato ba a tunanin asibiti sai mutum ya fara duka, ko ya tuɓe tufa, ko ya fita ya kwana biyu ba a san inda yake ba. Kafin a kai nan ana ta cewa ƙuruciya ce, zai daina, a yi masa aure ya natsu, ko kuma sammu aka yi masa. Ana haka shekara ta wuce, wata ta biyo bayanta. Alhali lokacin ganin likita yana zuwa tun da nisa kafin wannan matsayi, kuma alamominsa ba su fi ƙarfin uwa, ko mata, ko wa, ko aboki ba. Ba sai ka yi karatun likita za ka gane su ba.

Kuma kada kowa ya ɗauka gidansu kaɗai abin ya sama. Rahoton 2018 na Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu mace ce. Kusan ɗaya cikin biyar abin ya zame masa ciwo mai buƙatar magani.

Mataki na 1: Fara da abin da ba ya jira

Kafin a zauna shawarar dangi, a duba ko akwai ɗaya daga cikin waɗannan. In akwai, yau za a tafi, ko da tsakar dare ne, kuma asibiti mafi kusa mai sashen gaggawa za a nufa.

Wanda ya sha kodin, ko tiramol, ko ya yi allurar fenta (allurar kashe zafin ciwo ce mai ƙarfi), musamman in ya haɗa da maganin barci ko giya, sai ka ga ana tashinsa ba ya tashi, numfashinsa ya yi ƙasa ko yana munshari mai nauyi, leɓɓansa sun yi toka-toka, baƙin idonsa ya tsuke ya zama ɗan ɗigo. Wannan ba barci ba ne, numfashi ne ke neman tsayawa. A kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, a ɗauke shi nan take. Kada a ɗura masa madara, ko manja, ko ruwan rubutu. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin da aka ɗura masa huhu zai gangara. Akwai allura mai suna naloksan da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi cikin mintuna, don haka a gaya wa ma'aikatan asibiti ainihin abin da ya sha, kunya ba ta da wuri a nan.

Tiramol mai yawa yana sa jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. In ta kama mutum, a janye duk abin da zai ji masa rauni, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki. In ta lafa a kai shi asibiti, in ta haura minti 5 ko ta sake dawowa, kada a jira ta lafa.

Wanda ya ruɗe farat ɗaya, yana sambatu, ga zazzaɓi ko ciwon kai mai tsanani ko sanƙarewar wuya, kada a yanke masa hukuncin hauka ko aljanu. Muna cikin yankin da sanƙarau ke ɓarna lokacin zafi, zazzaɓin cizon sauro ma yakan hau kai. Haka mai ciwon suga da sugansa ya faɗi, da ɗan kabu-kabun da ya bugu a ka kwana biyu da suka wuce. Waɗannan ciwon jiki ne da suka taɓa ƙwaƙwalwa, kuma sa'o'i kaɗan na iya raba rayuwa da mutuwa.

Sai wanda ya yi maganar kashe kansa, ko ya gwada, ko ya fara rabar da kayansa yana neman gafarar mutane ba tare da dalili ba. Sai wanda ke jin murya na umartarsa ya cutar da wani. Sai mai jego da ta daina barci, tana ruɗewa, tana cewa jaririn ba nata ba ne ko ana son sace shi. Wannan na ƙarshe yakan zo cikin makonni biyun farko bayan haihuwa, sau da yawa kafin suna ko jim kaɗan bayansa, kuma yana jin magani ƙwarai in an yi saurin kai ta. Kada a bar ta ita kaɗai da jariri har a isa asibiti.

Mataki na 2: In ba gaggawa, lura ka rubuta

Ɗauki mako biyu kana lura, kana rubutawa a takarda ko a waya. Abubuwa shida sun isa: barci, cin abinci, aiki ko karatu, tsafta da ibada, mu'amala da mutane, da kuɗi. Abin da kake nema shi ne canji daga yadda ka san mutumin. Yaro mai shiru tun asali shirunsa ba ciwo ba ne. Amma wanda ka sani da hira a majalisa, yanzu ya shige ɗaki ya ja ƙofa, ya bar zuwa shago, ya bar wanka, jam'i ma ya daina fita, wannan canji ne.

Rubuta abin da ido ya gani, ba fassararka ba. "Bai yi barci ba daren Talata da Laraba, yana ta zagaye tsakar gida yana magana shi kaɗai" ya fi wa likita amfani fiye da "ya fara iskanci". Wannan takarda za ta kuma taimake ka ranar da wani babba a dangi zai ce kana zuzuta abu ne.

Mataki na 3: Gane ko shan ya zama ciwo

Yawancin masu sha ba da niyyar lalacewa suka fara ba. Lebura a fadamar albasa ya sha tiramol don ya kai yamma yana aiki. Ɗan kabu-kabu ya sha don kada gajiya ta kayar da shi. Matar aure ta fara da kwalbar maganin tari don ta samu barci a gidan da ba ta da mai jin kukanta. Mai ciwon sikila aka fara yi masa allurar fenta saboda ciwo na gaske, daga baya ya koma yi wa kansa. Sanin mafarin abin yana rage fushin da ke hana iyali yin abin da ya dace.

Likitoci ba yawan abin da mutum ke sha kaɗai suke dubawa ba, suna duba ikon da ya rage masa a kan kansa. Ga tambayoyin da za ka yi wa kanka in kai ne, ko ka auna ɗan'uwanka da su.

Ya taɓa ƙudurta dainawa, har ya yi rantsuwa, ya kasa? Abin da yake sha a da ya daina isarsa, sai ya ƙara kafin ya ji yadda yake ji? In bai samu ba jikinsa yana nunawa, da hamma, majina, hawaye, gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rawar hannu ko rashin barci? Shan ya zama abin farko da yake tunani da safe? Ya ture abin da ya fi muhimmanci saboda shi, kamar cefane, kuɗin makarantar yara, jarin sana'a? Yana ci gaba duk da ya ga ɓarnar da idonsa, an kore shi aiki, mata ta yi yaji, an kama shi, ya yi hatsari?

In amsar biyu ko uku daga ciki "e" ce, kuma abin ya ɗauki watanni, an wuce matsayin faɗa da nasiha kaɗai. Nasiha tana da wurinta, amma ƙwaƙwalwar da ta saba da ƙwaya ta canza yadda take aiki, shi ya sa mutum zai yi kuka da hawayen gaskiya da dare, gari na wayewa ya nufi inda ake sayarwa.

Akwai kuskure ɗaya da nake roƙon iyaye su guje masa, wato kulle mutum a ɗaki don ya daina da ƙarfi. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, ko ƙwayoyin barci irin su dayazifam da Rohypnol, in aka yanke masa farat ɗaya yana iya kamuwa da jijjiga, ko ya ruɗe yana ganin abubuwa bayan kwana biyu ko uku, kuma hakan na iya kisa. Irin waɗannan a hankali ake janye su, a hannun likita. Tiramol ma yankewarsa lokaci guda tana da wahalar da ke sa mutane komawa sha. Ka tuna kuma tiramol ɗin da aka amince a sayar a Najeriya mai nauyin miligiram 50 ne da 100, amma na bayan fage yana kai 200 har 225, don haka "ƙwaya biyu kawai" na iya zama abu mai yawa.

Wiwi kuwa, duk da masu cewa ganye ne kawai, yana iya tayar da taɓin hankali, musamman ga wanda ya fara da ƙuruciya ko wanda ciwon ke cikin danginsu. Matashin da ke shan wiwi ya fara zargin ana binsa ko ana zancensa a rediyo, likita yake buƙata a wannan makon. Haka wanda Exol (maganin asibiti ne na taurin jiki da rawar hannu da wasu ke sha don maye), ko sholisho, ko zaƙami ya fara sa shi gane-gane.

Mataki na 4: Gane ciwon da ba ruwansa da ƙwaya

Ciwon damuwa shi ne wanda aka fi rainawa, domin mai shi ba ya damun kowa. Ma'auninsa shi ne baƙin ciki, ko rasa jin daɗin duk abin da mutum ke so a da, kusan kullum har mako biyu ko fiye, tare da canjin barci da cin abinci, kasala, rashin tattara hankali, da ganin kai ba shi da amfani. A wurinmu da wuya mutum ya ce "ina cikin damuwa". Abin da za ka ji shi ne "kaina na zafi", "wani abu na yi mini yawo a jiki", "gabana na faɗuwa", "zuciyata ta cushe". An yi maganin taifod da na maleriya sau da yawa a kemis, gwaji bai nuna komai ba, ciwon na nan. In ka ga haka, ka sa damuwa cikin lissafi. Kuma don Allah a daina ce wa irin wannan mutum ba shi da tawakkali. Mai sallar dare ma yana kamuwa, kamar yadda yake kamuwa da hawan jini.

Akwai kishiyar wannan: mutum ya kwana uku ko huɗu ba barci kuma ba ya jin gajiya, magana ba tsayawa, yana rabar da kuɗi, yana shirya manyan harkokin da ba su da tushe, yana fushi in an taka masa burki. Sau da yawa iyali sukan ɗauka buɗi ne ya zo, sai jari ya ƙare.

Sai wanda ke jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya kafe kan cewa ana sa masa guba a abinci, maganarsa ta daina haɗuwa. Yawanci yana farawa ne tsakanin ƙarshen shekarun samartaka da shekara talatin da 'yan kai. Gwargwadon saurin fara magani, gwargwadon yadda ake sa ran ya koma karatunsa ko sana'arsa.

Dole in tsaya kan mutanenmu na gabashin jiha, na Isa, Sabon Birni, Goronyo, Rabah da sauran wuraren da 'yan bindiga suka addaba. Wanda aka sace, ko aka kashe nasa a gabansa, ko ya gudo da yara cikin dare, ba mamaki ya yi kwanaki yana firgita. Amma in an haura wata ɗaya yana mafarkin abin, yana zabura in babur ya wuce, yana ganin abin na sake faruwa ido biyu, yana gudun duk abin da zai tuna masa, to raunin ya zauna, kuma yana da magani. A yara yakan fito ta fitsarin kwance bayan sun daina, ko daina magana, ko manne wa uwa. Masu masauki da suka karɓi 'yan gudun hijira a cikin gari su ne za su fara lura, kuma da yawa daga masu wannan rauni ne ke faɗawa ƙwaya don su samu barci.

Mataki na 5: Yi magana da shi

Zaɓi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba a gaban ƙannensa ko matarsa ba, kuma mutum ɗaya ko biyu da yake jin nauyinsu sun isa. Taron dangi yakan koma kotu. Fara da abin da ka gani da abin da kake ji. Uwa tana iya cewa: "Ɗana, na ga ba ka barci, ka rame, hankalina ba ya kwance. Ba faɗa na kira ka in yi maka ba. Ina son mu je a duba ka, ni da kawunka za mu raka ka." Ƙane ga wansa: "Yaya, ba raini ba ne, amma na ga abin yana wahalar da kai. Ka bari mu je tare, ba wanda zai ji." Mata ga mijinta tana iya bi ta hannun wanda yake girmamawa in tana tsoron fushinsa, kuma in akwai duka, ta fara tsare kanta da yaranta.

In ya ƙi asibitin ƙwaƙwalwa, a shiga ta ƙofar da ya yarda da ita. Rashin barci, ciwon kai, faɗuwar gaba, duk dalilai ne na gaskiya na ganin likita, ba yaudara ba ce.

In kana zargin yana tunanin kashe kansa, tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa: "Ka taɓa jin gara ka mutu? Ka yi tunanin yi wa kanka wani abu?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada ka fara da wa'azin wuta, ya san hukuncin, ciwo ne ya rinjaye shi. Zauna da shi, a kawar da maganin ƙwari, maganin ɓera, tarin ƙwayoyi da makami daga gidan, a tafi asibiti ranar.

Mataki na 6: Zaɓi inda za a je

Sakkwato ta fi jihohi da yawa sa'a a nan. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, a kan hanyar Illela, wanda aikinsa ke nan, har da masu matsalar shaye-shaye. Akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin gari. Wanda ke ƙauye ya fara da babban asibitin ƙaramar hukumarsu, ya nemi takardar turawa. Na san sunan Kware kaɗai yana sa wasu iyalai ja da baya saboda tsoron bakin mutane da maganar auren 'ya'ya. Amma yawancin masu zuwa irin wannan asibiti ganin likita suke yi su karɓi magani su koma gida ranar, ba kowa ake kwantarwa ba. Kuma abin da ake gudun mutane su sani, in aka bar shi ya yi ƙarfi a bainar jama'a zai bayyana.

Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ban da kame, tana da sashen ba da shawara da gyaran masu shaye-shaye, kuma a 2022 ta buɗe layin kira kyauta, 0800 1020 3040.

Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da asibiti. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce kan magani. Malamin kirki zai yi maka addu'a ya ce ka je asibiti. Wanda za ka guda shi ne mai cewa a zubar da maganin likita, ko mai dukan majinyaci da sunan dukan aljani, ko mai neman kuɗi kashi-kashi ba ranar ƙarewa. Gidan da ake sa wa mutum mari a ƙafa, a yi masa bulala, a hana shi abinci, ba wurin magani ba ne. A 2019 'yan sanda sun fitar da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura, da yawansu da sarƙa da tabon duka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci na a kula da shi cikin mutunci. Duk inda za ka kai ɗanka, tambayi ko akwai likita, ko za a bar ka ka gan shi, ka kuma ga ɗakin da zai kwana.

Mataki na 7: Ranar zuwa

A fita da sassafe saboda layin kati. A tafi da takardar da aka rubuta, da kwalaye ko ɓawon duk abin da yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, da wanda ya fi kowa sanin yadda abin ya faro. A faɗi gaskiya kan ko akwai mai irin ciwon a dangi, da ko mace tana da ciki ko tana shayarwa. A ba majinyaci dama ya gana da likita shi kaɗai, akwai abin da ba zai faɗa a gaban mahaifinsa ba. Kafin a fito a tambaya: mene ne sunan ciwon, yaushe za a fara ganin sauƙi, wace illa maganin ke iya kawowa, yaushe za a dawo. In kuɗi ne matsala a faɗa wa likita tun a ɗakin, sau da yawa akwai magani mai rahusa da ke aiki iri ɗaya.

Mataki na 8: Bayan an dawo gida

Nan ne aka fi yin asara. Maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin a ga aikinsa, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. Wanda ya daina don ya ga ya warware, ciwon yakan dawo. In magani ya kawo taurin wuya, dalalar miyau, rawar hannu ko barci mai yawa, a koma a faɗa, ana iya rage shi ko a canza. Ga mai yawan mantuwa ko mai ƙin haɗiya, wasu cututtukan suna da allurar wata-wata. Babba ɗaya ya riƙe maganin yana bayarwa, domin wasu daga ciki, kamar Exol, ana sayar da su a bayan fage. Kafin azumi a tambayi likita yadda za a raba sha tsakanin sahur da buɗa-baki, da ko azumin ma zai yiwu, musamman in ya faɗo cikin zafin da ke haura digiri 40, domin wasu magungunan ba sa son jiki ya bushe.

A ba shi abin yi, ko da tsaron shago ne na rabin yini, a kuma rage kuɗin da ke shiga hannunsa kai tsaye a watannin farko. Maganar aure a jinkirta ta har ya tsaya da ƙafarsa, kuma in lokacin ya yi a gaya wa dangin yarinyar gaskiya.

In ya koma sha, wanda yakan faru ga mutane da yawa kafin su rabu da abin gaba ɗaya, a mai da shi wurin likitansa cikin makon, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. A kuma gaya masa wannan tun kafin ya fito daga asibiti: bayan makonni ba sha, jiki ya daina jure abin da ya saba, don haka adadin kodin ko tiramol da yake sha a da ba tare da ya faɗi ba, yanzu yana iya tsayar masa da numfashi. Makonnin farko bayan sallama ko bayan fitowa daga tsare su ne mafi hatsari, a cikinsu kada a bar shi yana kwana shi kaɗai a ɗakin da ake kullewa ta ciki.